Ciwon Ƙugu Mai Sauka Ƙafa

Yanzu da ruwa ya zauna aka shiga noman fari, da wuya a shiga ƙauye a rasa mutum guda ko biyu kwance a zaure, ciyawa na cin gonarsu, su kuwa ko tashi zaune ba su iyawa sai an kama su. In an tambayi ɗayansu abin da ya same shi, sai ya ce ƙafa ce. Ya dafa ɗuwawunsa, ya bi da hannu ta bayan cinya, ya gangara sha-raɓa, har ya kai tafin ƙafa ko babban yatsa. Ya ce wani abu ke fizgarsa kamar wanda ya taɓa minjirya, in ya yi tari ko atishawa kuwa sai ya ji kamar an soka masa mashi. Wani ya ce kamar tururuwa ke bin ƙafar, wani ya ce gefe guda ya mutu, ko an tsunkule shi ba ya ji. Galibi ƙafa guda ce ke yi.

To, ƙafar nan lafiyarta lau. Ciwon a ƙugu ya ke, ƙafa saƙo kurum a ke kai mata. Wannan shi ne abin da ya kamata manomi ya fara ganewa, gama rashin gane shi ke sa a zub da kuɗi da jini wajen yi wa ƙafa magani, a bar wurin da ɓarnar ta ke. Likitoci suna kiran ciwon sayatika, watau sun ba shi sunan jijiyar da ke ɗauke da shi.

Abin da ke cikin baya

Hausa ta haɗa abu uku ta kira su jijiya. Akwai wadda jini ke gudana ciki, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara, akwai kuma farar nan da ke fitowa daga laka, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ta ukun nan a ke zance. Da ita mutum ke jin ƙaya ta soke shi, da ita kuma ya ke ba ƙafa umurni ta ɗaga.

Wanda ke son ya ga yadda abin ya ke, ya tsaya wurin mahauci ran kasuwa sa'ad da a ke sara gadon bayan rago. Zai ga ba ƙashi guda ba ne, gaɓa-gaɓa ne a jere, da rami a tsakiya inda laka ta bi. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani farin faifai na guringuntsi, bakinsa da tauri, cikinsa da taushi kamar kamu. Na mutum ma haka ya ke. Gaɓoɓin wuya 7 ne, na wajen haƙarƙari 12, na ƙugu 5, sa'an nan sauran na ƙasa da su ka manne da juna. Faifan nan aikin gammo ya ke yi, shi ke hana ƙashi ya ci ƙashi in an ɗauki kaya.

Daga gindin baya saiwoyi 5 ke fitowa ta kowane gefe, su haɗu su zama igiya guda. Duk jikin ɗan Adam ba jijiyar da ta kai ta girma, faɗinta ya kai na babban yatsan hannu. Ta ratsa ƙarƙashin naman ɗuwawu, ta bi bayan cinya, in ta kusa bayan gwiwa ta rabu biyu, reshe guda ya nufi dunduniya da tafin ƙafa, guda ya zagaya ta gefen ƙwauri ya hau bayan ƙafa.

In mutum ya duƙa, gaban gaɓoɓin nan ya kan matse, taushin da ke cikin faifai ya kan turu baya, wajen da saiwoyin jijiya su ke. Duƙawa guda ba kome ba ce, don haka aka halicci baya. Amma yau duƙe gobe duƙe, shekara da shekaru, ga kaya, ga murɗa jiki, sai bakin faifan ya soma tsattsagewa kamar igiyar guga. Ran da ya ƙarasa, cikin ya ɓullo ya danne saiwar. Ba dannewa kaɗai ba, abin da ya fito yana da wani sinadari mai sa jijiya ta kumbura ta yi zafi. Cikin mutum 10 masu wannan ciwo, wajen 9 ta haka ya same su, kusan kullum kuwa a faifai biyun nan na can ƙasa, inda nauyin jiki ya taru. Shi ya sa mutum zai ce ai shi ba abin da ya ɗauka, buta kurum ya sunkuya zai ɗauko. Gaskiyarsa. Buta ta tarad da aikin da garma da buhu su ka daɗe suna yi.

An daɗe ba a gane wannan ba. Wani likitan Italiya mai suna Kotunyo, a birnin Nafuli, shi ya rarrabe ciwon jijiyar nan da ciwon gaɓar kwatangwalo cikin 1764, amma sai a 1934 likitoci biyu na Boston ta Amurka, Mikista da Bar, su ka nuna wa duniya cewa fashewar faifai ce ke jawo shi. Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, watau daidai ƙarfin gida, waɗanda gandu ke wuyansu. Mai shan taba da mai ƙiba da wanda ke yini bisa abin hawa mai jijjiga sun fi shiga hatsarinsa.

Na tsofaffi dabam ya ke. Su ramin da jijiyoyi ke bi ne ke ƙuntata saboda tsufa. Alamarsa, tsoho ya kama hanyar kasuwa, kafin ya yi nisa ƙafafu su yi nauyi, sai ya zauna ko ya sunkuya bisa sandarsa kaɗan, su sake shi. Irin wannan tsoho ya kan iya tuƙa keke zuwa wani gari, amma ya kasa zuwa bakin rijiya da ƙafa, har yara su riƙa cewa da gangan ya ke yi.

Akwai gwaji mai sauƙi da likita ya kan yi. Mutum ya kwanta rigingine, a ɗaga ƙafar mai ciwo a miƙe sannu a hankali, ba a lanƙwasa gwiwa ba. In zafin nan ya harba ya wuce gwiwa tun ƙafar ba ta yi nisa da ƙasa ba, to, jijiyar ce. In kuwa ciwon ya tsaya a kwankwaso bai sauka ba, wannan ciwon baya ne na gajiyar nama, wanda kusan kowane manomi ya sani.

Mutane da yawa da sun ji ƙugu ya riƙe sai su ce basir ne, ko sanyi, a shiga jiƙe-jiƙe da shan abin da zai wanke ciki. Basir ciwon dubura ne, ba ruwansa da faifan baya. Abin da ke rikita mutane shi ne, mai wannan ciwo in ya yi yunƙuri a bayan gida zafin ya kan ƙaru, kamar yadda ya ke ƙaruwa da tari. Gudawar da jiƙon zai sa shi ba abin da za ta ƙara masa sai rashin ƙarfi da yawan tsuguno.

Yawanci shi ke warkewa da kansa

Ga labari mai daɗi, wanda masu tallan magani a kasuwa ba su faɗi. Jiki ya kan ɗauki abin nan da ya ɓullo daga faifai kamar baƙo, ya yi ta cinsa kaɗan kaɗan har ya motse. An ɗauki hoton bayan mutane, aka sake ɗauka bayan watanni, aka ga wajen biyu cikin uku ƙullin ya ragu ko ya ɓace ba tare da wuƙa ba. Abin mamaki, manyan sun fi saurin motsewa. Yawancin masu ciwon su kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12. Saboda haka duk maganin da aka sha a mako na biyar shi ke samun yabo, ko da ruwan kanwa ne.

Dā likitoci kansu kwanciya su ke sa mutum, mako biyu ko fi, bisa katako. An bar wannan. A ƙasar Holan, cikin 1999, an raba masu ciwon su 183 kashi biyu, aka kwantad da kashi guda mako 2, aka ce wa sauran su yi ta harkarsu gwargwadon iyawa. Bayan mako 12, mutum 87 cikin 100 sun sami sauƙi a wannan kashi, 87 kuma a wancan. Kwanciyar ba ta ƙara kome ba, ga ta kuwa da sa nama ya saki, gaɓoɓi su sandare.

Abin da ya kamata, in zafin ya yi tsanani a kwanta kwana ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Mai kwanciya ta gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, mai rigingine ya sa shi ƙarƙashin gwiwoyi. In zai tashi kada ya yunƙuro kai tsaye, ya mirgina gefe tukuna, ya sauke ƙafafu, ya tokara da hannu. Daga nan sai tafiya. Yau daga ɗaki zuwa ƙofar gida, gobe zuwa bakin kasuwa, jibi zuwa gona a dubo ta a komo. Gara a yi gajeruwar tafiya sau biyar a yini da a yi doguwa sau ɗaya. Zama shi ne abokin gaba, balle zaman kujera 'yar tsugunno ko zaman tabarma an miƙe ƙafafu an ranƙwafa, gama ya fi tsayuwa tsananta ciwon ga yawancinsu. Waɗansu su kan ji daɗi in sun kwanta rubda ciki sun tokara da gwiwar hannu minti biyu ko uku, waɗansu kuwa ba su jurewa.

To, yaya mutum zai san motsin da ya dace da shi? Akwai ma'auni guda da ya isa a riƙe. A lura da inda zafin ya tsaya. In ana wani motsi zafin ya janye daga tafin ƙafa ya komo sha-raɓa, daga sha-raɓa ya komo cinya, wannan alheri ne, ko da ƙugun kansa ya ɗan ƙara ciwo. Ciwon yana komawa gida ke nan. In kuwa motsin ya sa zafin ya ƙara gangarawa ƙasa, a bar shi nan take.

Gashi da tsumma da ruwan ɗumi yana sassauta nama, shafa man kaɗanya ma ba laifi. Sai dai a kiyaye, fatar da ta mutu ba ta jin zafi, mutum ya kan ƙone bai sani ba, don haka a gwada ruwan da hannu tukuna. Al'adar nan ta sa yaro ya hau baya ya tattaka, a bar ta har a warke. Ƙaho da tsaga da sakiya kuwa fata su ke taɓawa, faifan yana can ciki bayan nama da ƙashi inda aska ba ta kaiwa. Wanda ya nace sai an yi masa ƙaho, ya tafi da sabuwar rezarsa, gama aska guda bisa mutum goma ita ke raba ciwon hanta da ƙanjamau.

Ƙwayoyi da allura

A nan ne a ke yin ɓarnar da ta fi ciwon kansa. Ƙwayoyin kashe zafi irin su ibufurofin da dikilofenak su kan ɗan taimaka, in an sha bayan cin abinci, kwanaki kaɗan, yadda ma'aikacin asibiti ya faɗa. Amma suna cin ciki suna kuma taɓa ƙoda. Manomin da ya haɗiye su da asuba ba kome a cikinsa, ya yini cikin rana yana zub da gumi ba ya shan ruwa sosai, ya yi haka wata guda, yana iya sayen gyambon ciki ko ciwon ƙoda da kuɗinsa. Mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su sha sai likita ya yarda. In bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, jini ne ke zuba a ciki, a daina sha a tafi asibiti. Kada kuma a haɗa iri biyu, aikinsu ɗaya, cutarsu ce kurum ke ninkuwa. Wannan ita ce illar haɗin nan da a ke ƙullawa a leda, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna, mai saye bai san abin da ya haɗiya ba, wani lokaci mai sayarwar ma bai sani ba.

Tiramol kuwa ya shiga gonaki ƙwarai, 'yan ƙwadago na sha don su yi aikin mutum biyu. Ba ya gyara faifai, kashe jin zafi kurum ya ke yi. Zafin nan kuwa shi ne mai gadin da ke cewa a dakata. Wanda ya rufe bakin mai gadi ya koma garma, ranar da ƙwayar ta sake shi zai tarad da ɓarnar ta ƙaru, ga jiki ya saba ba ya iya aiki sai da ita. Mai yawa ya kan sa mutum faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

Sai allura. Mutanen karkara sun ɗauka ba a yi magani ba in ba a yi allura ba. Jijiyar nan kuwa ta ƙarƙashin ɗuwawu ta bi, in wanda bai koya ba ya soka allura tsakiya ko ƙasa-ƙasa, yana iya samunta. Nan da nan zafi ya harba har yatsu, daga baya ƙafa ta saki, mutum ya riƙa janta. Asibitocin ƙasar nan sun sha ganin yara da aka nakasa ta haka garin maganin zazzaɓi, wani ya warke bayan watanni, wani ya tafi da ita har girma. Wanda ya koya ya san a kan raba ɗuwawu huɗu a yi a kashin sama na waje, jarirai kuwa a cinya a ke yi musu. Kada a miƙa yaro ga mai yawo da allura a jaka, kome arharsa.

Alamun da ba a kwana da su

Ko da shi ke yawanci haƙuri ke maganinsa, akwai inda haƙuri ke nakasa mutum. In fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba mutum bai sani ba, ko ya kasa riƙe bayan gida, ko fatar tsakanin cinyoyi ta mutu, watau wurin da ke taɓa sirdi, har in yana tsarki ba ya jin ruwa, ko ciwon ya kama ƙafafu duka biyu, to, faifan ya danne dukan damin jijiyoyin da ke gindin baya. Wannan ba na gobe ba ne. A nemi mota ran nan a nufi babban asibiti inda a ke aikin baya, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitocin koyarwa irin na Shika da na Malam Aminu Kano. In an yi aiki da wuri a kan tsira, in an yi kwanaki mutum na iya zama da rashin riƙe fitsari muddin ransa. Kunya ke hana mutane faɗin irin wannan, don haka mai jinya ya tambaya da bakinsa.

Haka kuma in ƙafa tana ƙara rauni. A gwada tafiya bisa dunduniya, sa'an nan bisa yatsu. In ɗaya ta gagara, ko silifa ta riƙa zamewa daga ƙafa, ko yatsu na tuntuɓe da ƙasa, a ga likita cikin kwanakin nan.

Akwai kuma ciwon baya da ba na faifai ba ne sam. Tarin fuka ya kan bar huhu ya kama ƙashin baya ya ci shi. Alamarsa rama, da zazzaɓin dare, da gumi, da ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, daga baya ƙusumbi ya fito. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai a sha shi watanni da yawa ba fashi. Masu kiwo su san cutar nan da ke sa shanu ɓari tana kama mutum ta madarar da ba a dafa ba, ko ta taɓa mahaifa da hannu, ita ma ta kan zauna a ƙugu da zazzaɓi mai tafiya yana komowa. Wanda ya faɗo daga itace ko babur, da tsohon da ciwon ya zo masa tare da rama, su ma a duba su tun da wuri.

Komawa gona

Ba banza a ke yi wa noma kirari da na duƙe ba, ba kuwa mai cewa manomi ya bar duƙawa. Amma a duba wannan lissafi. Cikin 1999 masana a Jamus sun sa wani ɗan ma'auni cikin faifan ƙugun wani mutum mai lafiya, su ka auna matsin da ke kansa. In an ce matsin yana kwance 1 ne, yana tsaye ya zama 5, da ya sunkuya hannu wofi ya zama 11. Da ya sunkuya ya ɗauki kaya mai kilo 20 da baya a lanƙwashe ya kai 23. Da ya lanƙwasa gwiwa ya ɗauka ya zama 17, da ya rungumo kayan jikinsa kuwa 11 kacal. Mutum guda aka auna, amma darasin a fili ya ke: nisan kaya da jiki shi ke kashe baya. Kilo 20 fa ke nan, jarkar ruwa guda. Buhun takin zamani kilo 50 ne, na masara ya kan kai 100. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada ƙato guda ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55, 'yan dako a Dawanau kuwa kusan biyun wannan su ke saɓawa su hau katako da shi.

Saboda haka buhu na mutum biyu ne. In ba na biyu, a raba shi, ko a mirgina shi bisa baro ko amalanke, jaki ma bai daina amfani ba. In za a ɗauka a matso har kayan ya taɓa ƙwauri, a buɗe ƙafafu, a tashi da ƙarfin cinya. Mafi muni shi ne a ɗauka a murɗa ƙugu a jefa gefe, yadda a ke yi wajen lodin dami ko kwasar taki da shebur. A juya da ƙafafu, jiki duka ya bi.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Da dare faifan nan ya kan sha ruwa ya cika, har mutum ya fi tsawo da safe da wajen santimita 1 ko 2. Cikakken faifai kuwa ya fi saurin tsagewa in an lanƙwasa shi. Manomi ga shi da sammako, daga shimfiɗa sai garma. Wanda bayansa ya taɓa yi masa gargaɗi ya ba shi kamar sa'a guda tukuna. Tafiya gona da ƙafa ta isa ta rage ruwan, wanda ya hau babur kuwa ya fara da zaga gona da ayyukan tsaye, ya bar huɗa sai jiki ya warware. In an kai ƙarshen kowace kunya a miƙe, a dafa ƙugu da hannu biyu, a ɗan gantsare sau uku ko huɗu kafin a juya. Ba ya cin lokaci, gayya ma ba za ta bar mutum baya don wannan ba.

Sai zancen ƙota. A Kalifoniya ta Amurka ma'aikatan gona sun yi shekaru suna ƙara a kan gajeruwar fartanya, likitoci su ka ba da shaida a kan yadda ta ke lalata baya, har aka hana aiki da ita cikin 1975. Nan ba mai hana fartanya, ba ta kuwa da magaji a ƙasa mai danƙo. Amma tsayuwa ba baƙuwa ba ce a noman Hausa. Da sungumi a tsaye a ke saran shuka, mutanen jigawa wajen Damagaram da arewacin Maraɗi kuwa da doguwar hauya su ke noma, suna tura ta gaba suna tsaye. Mai gonar yashi da ƙugu ya dame shi ya gwada irin tasu. Wanda ƙasarsa ba ta karɓa ba, ya sa a yi masa ƙota da ta fi ta da tsawo ko da taƙi guda, ya kuma riƙa kai bakin fartanya maƙera, gama dakusasshiya ƙugu ke biyan bashinta. Huɗa da garmar hannu ita ce aikin da ya fi cin baya, mai halin hayar garmar shanu ya yi. Mata ma abin ya shafe su, ga shara da guntuwar tsintsiya, ga jan guga, ga wanki a duƙe da goyo a baya. Ɗora kwanon wanki bisa turmi a kife ya rage rabin wahalar.

Wanda ciwon ya kama tsakiyar damina, lissafinsa a fili ya ke. Ya nemi gayya ko ya ɗauki 'yan ƙwadago su fid da shi noman fari da maimai, shi kuwa ya riƙa zuwa yana tsayawa kansu, ya yi abin da a ke yi a tsaye. Kuɗin zai yi masa zafi. Amma wanda ya haɗiyi ƙwaya ya koma duƙe cikin mako na fari ya kan mai da ciwon wata biyu ya zama na shekara, ya rasa maimai, ya rasa girbi, ya rasa noman rani.

Ɗan kasuwa da ke kwana bisa buhuna a bayan mota, da direba, da ɗan acaɓa, jijjiga da dogon zama ke cinsu. Duk inda aka tsaya su sauka su taka, kada kuma a sauko daga doguwar tafiya a kama sauke kaya nan take. Akawu ya tashi daga kujera kowane rabin sa'a, ya naɗe tawul ya sa a kwarin bayansa, ya kuma fid da walat daga aljihun baya, gama zama kansa ya kan danne jijiyar a ɗuwawu.

In an yi mako 6 zuwa 8 zafin ƙafa bai ragu ba, lokacin komawa likita ya yi. Hoton ƙashi na kullum ba ya nuna faifai, sai babban hoton nan na maganaɗisu, mai tsada, wanda sai manyan birane. Ba kowa ke bukatarsa ba, ba kuma duk abin da ya nuna ne ciwo ba. A Amurka cikin 1994 an ɗauki hoton mutum 98 da ba abin da ke damun bayansu, aka tarar fiye da rabinsu faifansu ya bunƙuro. Don haka kada takardar hoto ta tsorata mutum ya sayad da gona. Aikin da a ke yi shi ne a tsaga kaɗan a cire guntun da ya danne jijiyar. A Holan cikin 2007 an gwada mutum 283, aka yi wa waɗansu aiki da wuri, aka jinkirta wa waɗansu sai in abin ya ƙi. Waɗanda aka yi wa da wuri sun riga samun sauƙin ƙafa, amma da shekara ta zagayo 95 cikin 100 sun warke a kowane kashi. Watau in ba alamun nan na hatsari, aiki lokaci ya ke saya wa mutum, shi da likitansa za su auna ko lokacin ya kai kuɗin. Wanda aka yi wa kuma ba ya komawa ɗaukar buhu sai likita ya sallame shi, gama faifan da ya taɓa fashewa yana iya sakewa.